Layin da Aka Yi da Yatsan Sylvanus

Ranar Alhamis da hantsi suka zo, ina tsaka da markaɗa wa wata mata wake. Injin markaɗe gare ni a ƙofar gidanmu a Kamazou, kuma in injin nan ya tashi, ko aradu ce ta faɗi a bayana ba na ji. Sai da matar ta dafa ni ta yi min nuni da baki sannan na juya. Mutum uku ne cikin ƙananan kaya, sun sa mijina Sylvanus a tsakiya. Daga shi sai singileti da silifa, soson wanke babur a hannunsa yana ɗigar kumfa.

Na kashe inji na ce, "Lafiya? Ina za ku da shi?"

Babbansu ya ce 'yan tambayoyi ne kawai, yanzu zai dawo. Sylvanus ya buɗe baki zai yi min magana, amma shi mutum ne mai i'ina, in hankalinsa ya tashi kuwa harshen ɗaurewa yake yi gaba ɗaya. Yana ta kokawa da farkon sunana suka tura shi mota. Edith fa, sunan da bai kai a sha wahala a kansa ba, amma bai samu ya ƙarasa shi ba.

"Yanzu" ɗin nan tasu sai da ta ci kwana biyar. Babu inda ban shiga ba, babu wanda ban durƙusa wa ba. Ɗanmu Joshua yana bautar ƙasa a kudu, na hana kowa ya gaya masa. Sai ranar Talata wani lauya ɗan cocinmu ya gano min wurin, wani gida mai dogon bango a ƙetaren kogi, ba allo a ƙofa ba suna. Aka zaunar da ni a gaban wani jami'i mai farin gilashi, ya ce sunansa Mustapha. Bai yi min tsawa ba, har ruwa ya sa aka kawo min, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan.

Ya ce, "Madam, saurari wannan." Ya danna kwamfuta.

Kafin muryar ta gama sallama na gane ta. Duk wanda yake da rediyo a kudancin Kaduna ya san ta. Akwai wani shiri da ake yi kullum da safe bayan labarai, mutane su buga waya su faɗi abin da yake damunsu. A cikin masu bugowa akwai wani da yake kiran kansa Ɗan Bakin Titi daga Gonin Gora. Muryarsa a toshe take kamar mai magana a cikin bargo, amma wallahi akwai baki. Ni kaina in ya shigo layi kashe inji nake yi, mai markaɗe ta jira. A 'yan watannin nan sai ya fara faɗar manyan maganganu. Ya ce na'urorin da aka sayo don a saurari wayar masu garkuwa da mutane, yanzu wayar 'yan jarida da 'yan adawa ake saurare da su. Har ranakun zama yake faɗi, da abin da aka ce a bayan ƙofa.

Na ce, "Na san shi. To ina ruwan mijina?"

"Layin da yake bugowa da shi na mijinki ne. Ga hotonsa, ga zanen yatsansa, ga lambarsa ta ɗan ƙasa."

A take na tuna. Sylvanus direba ne, shekara goma sha huɗu yana tuƙa Honarabul Harrison, wanda ya wakilce mu a majalisa har sau biyu kafin ya faɗi zaɓe ya koma adawa. Shekara shida da suka wuce Sylvanus ya dawo gida ya ce min Oga ya aike shi ya yi rajistar sabon layi da sunansa, ya kai masa. Ko ɗaga kai ban yi ba. Haka ake yi. Ku je gidan kowane babban mutum, direba da kuku da maigadi duk akwai layi da sunansu a aljihun oga. Wa zai ce wa ubangidansa a'a a kan ɗan katin da bai kai farce ba?

Na ce, "Yallaɓai, ka ji mijina ya yi magana kuwa? Mutumin da sai an tafasa shayi kafin ya gama gaisuwa, shi ne zai zuba wannan zance a rediyo?"

Ya cire gilashi ya murza ido. "Madam, ni ma ina da kunne. Amma ni da takarda nake aiki. Duk ranar da aka buga wayar nan, daga bakin titin Gonin Gora aka buga ta. Dogon ƙarfen sabis na wurin ya nuna ɗayar wayar mijinki tana nan ita ma, a daidai lokacin. Waya biyu, suna ɗaya, wuri ɗaya."

Ashe haka Honarabul yake yi. Sai ya bar manyan wayoyinsa a gida, ya ce Sylvanus ya kai shi shan iska, su tsaya a Gonin Gora, ya aike shi sayen ayaba ko rake, shi kuma ya ɗaga gilashin mota ya rufe bakin waya da hankici. Ya san yadda abin yake aiki sarai, tunda yana majalisa aka tsara sauraron wayar.

Na faɗa wa Mustapha sunan Honarabul, ban ɓoye ba. Ya ce mijina dai bai faɗi sunan kowa ba, in an tambaye shi sai ya sunkuyar da kai. Ya ce kuma shi ba zai je ya ɗauko tsohon ɗan majalisa a kan maganar matar wanda ake tuhuma ba. Tun ranar da aka kama Sylvanus layin a kashe yake.

"Ko mai muryar ya kawo kansa, ko a samu shaidu. In ba haka ba, ranar Litinin ƙarfe goma sha biyu za a wuce da mijinki Abuja, a gurfanar da shi kan tona sirrin tsaro. In ya bar hannuna, ba ni da sauran ta cewa."

Aka bar ni na gan shi minti biyar. Ya rame, idonsa ya faɗa. Na ce, "Baban Joshua, kai wane irin mutum ne? Ka buɗe baki ka faɗi sunansa mana!" Da ƙyar ya haɗa min magana, wai ya ci abincin mutumin nan shekara goma sha huɗu, Oga ba zai bar shi ba, zai zo. Na so in shaƙe shi, na so in goya shi in gudu da shi. Na fito ina kuka ina zaginsa har bakin titi.

Washegari da safe na tafi Mahuta, gidan Honarabul. Awa biyu na yi a benci kafin a ce in shiga. Yana zaune a falo cikin jallabiya, da ya gan ni sai ya ƙara ƙarar talabijin ya matso kusa.

"Maman Joshua, sannu. Wallahi ko barci ba na iya yi. Ina magana da manya, ki kwantar da hankalinki."

Na durƙusa kamar yadda aka koya mana, na ce, "Ranka ya daɗe, ba manya nake nema ba. Kai nake nema. Ka je ka ce layinka ne."

"Wane layi?"

Na ɗago na dube shi. Ya kau da kai ya kalli talabijin. Sai ya shiga yi min bayani da wannan muryar tasa ta coci, a hankali, mai sanyi. Wai ƙasar ce ta lalace. Wai an ɗauki doka mai kyau an karkatar da ita. Na ce wace doka? Ya ce wadda ta ba jami'an tsaro izinin sauraron waya da bin sawun mutane.

"Ai ku kuka yi ta," na ce.

"Haba, Maman Joshua. Doka ba mutum ɗaya yake yin ta ba. Muna da yawa a zauren. Shugaba ya ce masu so su ɗaga murya, aka ɗaga, ya buga guduma. Babu wanda aka rubuta sunansa. Kuma kin manta yadda hanyar Abuja take a lokacin? Kin manta mutanenmu nawa aka kwashe?"

Ban manta ba. An taɓa ɗauke ɗan ƙanwar babata a hanyar nan, wata uku ya yi a daji. Ranar da aka ce an yi dokar, ni da kaina na ce madalla, a saurari kowa, wanda ba shi da laifi me zai ji tsoro? Na ɗaura atamfa mai hoton Honarabul na yi masa rawa a filin makaranta, na dangwala masa sau biyu. Wannan ba zan ɗora wa kowa ba, nawa ne. Amma akwai abin da na riƙe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mijina ne ya tuƙa ka ranar. Ya ce ka fito kana dariya, kana cewa kai ka tashi ka mara wa ƙudurin baya. Ranar Talata ce. Ranar Laraba ka aike shi ya yi maka rajistar layi da yatsansa. Ka san abin da kuka kunna, shi ya sa ka nemi wanda zai tsaya a gabanka."

Can sai ya ƙwala wa 'yar aiki kira ya ce a kawo wa Maman Joshua maltina mai sanyi. Na tashi na bar masa maltinarsa. Ranar Juma'a na koma, maigadi ya ce Oga ya yi tafiya, ga motarsa ina gani a ƙarƙashin rumfa.

To, a cocinmu akwai wata al'ada. Kafin wa'azi ana zagayawa da kwandon roƙo. Duk mai damuwa ya rubuta a 'yar takarda ya jefa. Dattijon da yake kan aiki a wannan Lahadin shi zai tsaya a gaba ya zaro takardun ɗaya bayan ɗaya, ya karanta da ƙarfi yadda aka rubuta, ba ragi ba tsallakewa, sannan jama'a su rufe ido ya yi addu'a a kai. Jerin sunayen dattawan yana manne a bango tun watan Janairu. Honarabul Harrison dattijon ikilisiya ne, kuma Lahadin nan sunansa ne a jerin. Na san zai zo, domin ɗan siyasa yana iya guje wa matar direbansa, amma ba ya guje wa taron mutum ɗari uku.

Kada ku ɗauka wata dabara na ƙulla. Ni ba ni da wannan wayon. So nake kawai ya karanta da bakinsa, ya ji ɗacin abin a harshensa. Na yagi takarda daga littafin zumuntar matan coci na rubuta: "Ni Edith Sylvanus. Gobe za a tafi da mijina Abuja saboda layin waya da ba shi yake amfani da shi ba. A roƙi Ubangiji ya ba mai layin zuciyar fitowa." Ban sa sunansa ba. Na ninke na jefa.

Ana cikin waƙa ta biyu aka ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi tashi. Aka ɗauko 'yar lasifikar batir da muke fita wa'azin kasuwa da ita, mai shaƙaƙƙiyar murya. Honarabul ya fito cikin farar babbar riga ya karɓa. Ya karanta ta mai neman haihuwa, ya yi addu'a. Ya karanta ta mai jarrabawa. Ta huɗu ce tawa.

Na zuba masa ido. Ya buɗe, ya fara, ya kai kan sunana, sai na ga ya gane abin da ke hannunsa. Amma mutumin nan ya sha taro, bai tsaya ba. Ya karanta har ƙarshe, tsaf. Coci ya yi tsit, don kowa ya san Sylvanus direbansa ne. Ya ce, "Mu yi addu'a." Kowa ya sunkuyar da kai ya rufe ido. Ni ban rufe ba.

Da farko a sanyaye ya ɗauko. Ya Ubangiji, ka dubi bawanka Sylvanus, ka ta'azantar da iyalinsa. Jama'a suka ce amin. Ya ce Ubangiji ka dubi ƙasar nan. Amin ɗin ta ƙara ƙarfi. To nan fa aka samu matsala, domin Honarabul irin mutanen nan ne da in sun riƙe lasifika suka ji jama'a na amsawa, ba sa iya taka birki. Murya ta fara hawa. Ya Ubangiji, ka ga yadda aka mai da kunnen hukuma bakin ƙofar talaka! Ka ga yadda aka bar ɓarayin daji suna waya yadda suka ga dama, aka zo ana sauraron mai sayar da tumatir! Jama'a suka ce amin da ƙarfi. Ya manta addu'a yake yi. Ya shiga jero tambayoyi yana amsa wa kansa, yana jan ƙarshen magana yana dukan iska da hannu, 'yar lasifikar nan kuma tana toshe muryar tana fitar da ita ta hanci.

Ku tuna, mutum ɗari uku ne idonsu a rufe. Ba sa ganin babbar riga, ba sa ganin hula. Murya kawai suke ji, kamar yadda suke ji kowace safiya.

A layin gaba akwai Baba Nuhu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Idonsa ya yi rauni, kunnensa kuwa ras, rediyonsa ko coci da ita yake zuwa a aljihu. Shi ba ya iya raɗa. Ana tsakiyar addu'a sai aka ji ya ce, da ƙarfinsa:

"A'a! Wannan ai Ɗan Bakin Titi ne!"

Honarabul ya tsaya cak, baki buɗe. Ido ɗari shida suka buɗe a kansa. Wata mata a bayana ta ce, "Yesu! Wallahi shi ne." Wani ya ce tun ɗazu yake ta tunanin inda ya san muryar. Guna-guni ya tashi daga gaba har baya, Fasto ya miƙe yana ɗaga hannu, ba wanda ya kula shi.

Sai kuma abin da ban zata ba ya faru. Wani daga cikin mawaƙan coci ya fara tafi. Wasu suka kama. Kafin ka ce me, rabin coci na tafawa, har da masu guɗa. Ai gwarzonsu ne, mai faɗa wa hukuma gaskiya, ashe a cikinsu yake! Mutumin da ya bar mijina kwana goma a kulle, shi ake wa guɗa.

Na miƙe. Ni dama muryata ta saba gasa da inji, ba na buƙatar lasifika.

"Ku dakata! Tunda Ubangiji ya amsa tun ba a rufe addu'a ba, to gobe ƙarfe tara ina jiran mai layin a ƙofar wurin da mijina yake. Baba Nuhu, za ka maimaita abin da ka faɗa a gaban hukuma?"

Baba Nuhu ya ce, "Me zai hana? Da kunnena na ji."

Tafin ya mutu. Yanzu kowa ya haɗa lissafin abin da yake cikin takardata da abin da ya ji. Na ga mata 'yan zumunta suna juyowa suna kallon Honarabul da wani irin ido. Shi ma ya gani. Ina kallon fuskarsa yana auna abin, ya dubi masu tafi, ya dubi masu harara, ya dubi ƙofa. Daga nan ya gyara babbar riga, ya ɗaga lasifika, ya ce cikin muryar da ta cika ɗakin:

"'Yan'uwa, ni ne. Dama yau na yi niyyar bayyana kaina a gaban Ubangiji da ikilisiya."

Ƙarya yake yi, ni da shi mun sani. Amma wallahi ban taɓa jin ƙaryar da ta yi min daɗi kamar wannan ba. Na zauna a benci, wata ta riƙe ni tana min fifita da littafin waƙa.

Ranar Litinin tun ƙarfe bakwai ina ƙofar gidan mai dogon bango, ni da Fasto da Baba Nuhu da mata goma sha biyu cikin anko na zumunta. Tara ta yi bai zo ba. Tara da rabi bai zo ba. Goma saura sai ga motoci huɗu, da lauyoyi uku, da 'yan jarida da kyamarori. Ashe jiran 'yan jaridar ya tsaya yi. Ya fito ya tsaya a bakin ƙofa ya yi jawabi, wai ya zo ya miƙa kansa saboda talaka, wai wannan doka ta zama bulala a hannun azzalumai, dole a sake duba ta. Wata 'yar jarida, Allah ya yi mata albarka, ta ce, "Ranka ya daɗe, ba kana majalisa aka yi dokar ba?" Ya ce ai murya aka kaɗa, ba a san wanda ya ce e da wanda ya ce a'a ba. Na buɗe baki zan yi magana, Fasto ya taka min ƙafa. Ya yi daidai. Mijina yana ciki tukuna.

Sha ɗaya da kwata ƙaramar ƙofa ta buɗe. Sylvanus ya fito da singiletin nan dai, ta koma ruwan ƙasa, silifa ɗaya ta tsinke yana jan ta. Ya tsaya yana ƙifta ido a rana. Ni da na shirya masa faɗa na kwana goma sha ɗaya, ko kalma ɗaya ban tuna ba. Na kwance mayafina na yafa masa, na riƙe hannunsa da hannu biyu, ina ta cewa, "Ka fito, ka fito," kamar shi bai sani ba. Matan zumunta suka ɓarke da waƙa a bakin titi, Baba Nuhu yana buga sanda a ƙasa. Daɗin da na ji a ranar, ko ranar da na haifi Joshua ban ji irinsa ba.

Honarabul kuwa ƙarfe biyu aka sake shi, aka ce ya je zai riƙa zuwa in an neme shi. Awa huɗu ya yi, a ofis mai sanyi. Da yamma har an fara yawo da hotonsa a waya. Na ce su ƙarata can.

A gida na dafa ruwa ya yi wanka, na yi masa faten acca da yakuwa, wanda ya fi so. Maƙwabta suka yi ta shigowa barka har la'asar, sannan aka bar mu mu biyu a ɗaki. Yana ci a hankali ina zaune ina kallonsa, ina ƙirga ƙasusuwan wuyansa. Sai ya ajiye cokali.

"Na... na faɗi sunan Oga," ya ce. "Ranar Alhamis ɗin nan da ta wuce."

"Ka faɗa? To me suka ce?"

Ya ce wai sun ce sun ji, amma ba wanda ya rubuta. Na ce to me ya sa ka faɗa, kai da ka rantse ba za ka ci amanar ubangidanka ba? Ya sunkuyar da kai yana murza gefen tabarma. Da ƙyar, yana tsayawa yana tashi, ya gaya min. Wai ranar sun shigo da kwamfuta suka ce, saurari matarka, in ba ka tausaya wa kanka ba ka tausaya mata. Suka kunna masa muryata.

Akwai wayar da ban ba ku labarinta ba, don ban yi niyyar kowa ya sani ba. Ranar Laraba da na dawo daga Mahuta, da tsakar rana, na zauna a bayan inji na kira yayata Hephzibah a Kafanchan. Na yi kuka irin wanda ban taɓa yi a gaban mutum ba. Na ce mata shekara ashirin da huɗu ina yi wa mutumin nan faɗa, kan gishiri, kan takalmi, kan komai, ban taɓa gaya masa ko sau ɗaya abin da yake raina ba. Na ce mutane suna ɗauka rashin haƙuri ne yake sa ina ƙarasa masa magana in ya maƙale, alhali ba na iya jure in ga ana danne dariya a gabansa ne. Na ce in aka wuce da shi Abuja bai dawo ba, ni ma tawa ta ƙare. Na faɗi wasu abubuwan ma da suka fi wannan.

Duk sun kunna masa, a gaban ƙarti huɗu, ɗaya yana cin gyaɗa.

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, sai kuma haushi ya biyo. Na ce, "Wa ya ba su? Maganata ce! Ni da 'yar'uwata!" Na tashi ina zagaye ɗaki, ina neman wanda zan zaga, mutanen sun yi yawa. Na zagi masu sauraro, na zagi masu guduma, na zagi mai babbar riga, na zagi atamfar da na yi rawa da ita. Sylvanus yana zaune yana kallona, sai na ga bakinsa yana motsi. Dariya yake yi, hawaye na zuba.

Na tsaya na ce, "Kai kuma me ya ba ka dariya?"

Ya ce da ya ji, kwana ya yi yana maimaitawa a ransa don kada ya manta ko kalma ɗaya.

Na zauna kusa da shi. Haushin bai tafi ba, har yau ma bai tafi ba. Na ce masa, "Baban Joshua, wannan maganar ni ya kamata in gaya maka, da bakina, ranar da na ga dama. Sun sace min ita sun ba ka a ɗakin da ba taga."

Ya daɗe yana haɗa amsar, ni kuma a karon farko na kama bakina na jira shi har ya gama.

"To... to gaya min taki. Waccan tasu ce."

Na dubi wayata a kan tebur, na dubi tasa da suka maido masa a leda. Na kwashe su duka biyu na kai kicin, na kifa babbar tukunya a kansu, na ɗora turmi. Na dawo na tura ƙofa na sa sakata.

Abin da na gaya masa kuwa, ku ma ba za ku ji ba.